Katin sinimar bayan coci: kujera mai tauri, zaɓi mai kyau

A garuruwa da yawa na yankin Lombardiya, a arewacin Italiya, idan ka zagaya bayan babbar coci za ka tarar da filin da yara ke buga ƙwallo, da ɗan shagon kofi, sau da yawa kuma da zauren sinima. Italiyawa na kiran irin wannan zaure sala della comunità. Cocin Katolika ce ke da ginin, har akwai ƙungiyar da ta haɗa masu gudanar da su, ACEC, tun 1949. Namu yana wani ƙaramin gari a lardin Brescia, inda nake aiki a masana'antar ƙarfe, kuma a kansa nake so in yi wa 'yan'uwa bayani, musamman katin da suke sayarwa na daren Alhamis. Ba zan faɗi sunan garin ba, don akwai ƙorafi a cikin maganata, masu aikin wurin kuwa tsofaffi ne 'yan sa-kai da ba a biyansu ko sisi.

Asabar da Lahadi na yara ne da iyali, galibi fina-finan Amurka da aka ɗora wa muryar Italiyanci. A nan ƙasar kusan duk fim ɗin waje sai an sauya masa murya, irin yadda ake yi wa fina-finan Indiya fassarar Hausa a gida, sai dai nasu sana'a ce da ta samo asali tun zamanin Mussolini. Waɗannan ranakun ba su dame ni ba. Daren Alhamis ne nawa, wanda suke kira cineforum: daga Oktoba zuwa wajen Afrilu, fim ɗaya a mako, mafi yawa na Italiya, da ɗan bayani kafin a fara, da hira bayan an gama ga wanda barci bai ci ƙarfinsa ba. Tikiti Yuro 6 ne. Katin shiga goma Yuro 40, kuma kai ke zaɓar daren da za ka zo. Babbar sinimar da ke cikin rukunin shaguna a bakin birni tana karɓar wajen Yuro 10 a ƙarshen mako, ban da kuɗin mai.

Tambayar farko da 'yan'uwa ke min a masallaci ita ce, "Malam, ba wa'azi suke yi a ciki ba?" Ba sa yi. Akwai gicciye a saman ƙofa, iyakarta ke nan. Fada, wato limamin cocin, yakan shigo ya zauna can baya, ya biya kuɗinsa kamar kowa, kuma babu wanda ya taɓa tambayata addinina. Inda hannun coci ya fito shi ne a takardar shirin wata. Majalisar bishop-bishop ta Italiya tana da kwamitin da ke duba fina-finai yana rubuta wa kowanne hukunci, wannan ya dace, wannan yana da sarƙaƙiya, wancan ya dace da muhawara, su kuma sai su kwafo hukuncin a ƙarƙashin sunan fim. Wannan ya fi min amfani a kan alamar gwamnati. Tun 2021 aka soke tace fina-finai a Italiya, aka koma alamomin shekaru, irin su na kowa, 6, 14 da 18, kuma abin da suke cewa na kowa ne ba lallai ka iya zama ka kalla tare da surukarka ba. Ana farawa ƙarfe 9 na dare, a hunturu an daɗe da yin isha'i. A 2024 da 2025 azumi ya faɗo a Maris, ya ci karo da asham, amma tunda katin ba ya ƙonewa sai kakar ta ƙare, ban yi asarar komai ba.

Kujerun su ne babban aibin wurin. Jajaye ne na tsohon yayi, soson ya mutu, kuma wanda ya jera su bai yi tunanin mai dogon ƙafa ba. Fim ya haura awa biyu, gwiwarka za ta sanar da kai. Na'urar ɗumama ɗaki sai dab da farawa ake kunna ta saboda tsadar gas, don haka a Janairu kowa da rigar sanyinsa yake kallo, wasu matan har da bargo a cinya. Na'urar karɓar katin banki kuwa kullum cewa ake yi ta lalace. Hoto da sauti dai ba laifi, nan suka zuba ɗan kuɗin da suke da shi. Akwai kuma hutun tsakiya, al'adar da sinimomin Italiya da yawa ba su bari ba: mutum na tsaka da magana a allo sai a ɗauke, fitilu su kama, a fita shan kofi. Wani fim ɗin wannan hutu yana kashe masa armashi, wani kuwa ceto ne.

Abin da kake saya da Yuro 40 ɗin ba kujera ba ce, idon mace ɗaya ne. Wata dattijuwa ce, tsohuwar malamar sakandare, kowa Professoressa yake ce mata, har fada. Ita ke tsara jerin fina-finan, kuma ba ta yarda ta jera iri ɗaya sau biyu. Wannan makon barkwanci, mako mai zuwa shari'ar 'yan mafiya, na gaba labarin ƙauye a kan dutse inda ba a cika magana ba, sai kuma ta dawo da wani na shekarun baya da take ganin mun rasa. Na taɓa ce mata ta ƙara mana na dariya. Ta kalle ni ta saman tabarau ta ce idan ta bar mu da zaɓinmu, abu ɗaya za mu yi ta ci har mu tsufa. Gaskiyarta. Yawancinmu idan aka ce fim ɗin Italiya, mafiya ke faɗo mana a rai, ita ma ɗin ta fina-finan Amurka ce. Da ni ke latsa waya ina zaɓa wa kaina, rabin abin da zan ambata a ƙasa ba zan taɓa buɗe shi ba.

Barkwanci shi ne ke riƙe da kasuwar fim a ƙasar nan, kuma idan kana son sanin abin da ke damun Italiyawa, can za ka duba. Checco Zalone ya tara sama da Yuro miliyan 65 a 2016 da Quo vado?, labarin mutumin da ya gwammace a tura shi ƙarshen duniya, har cikin ƙanƙarar Norway, da ya ajiye aikin gwamnati. A 2016 ɗin dai Paolo Genovese ya fitar da Perfetti sconosciuti: abokai bakwai a teburin cin abincin dare, aka yi yarjejeniyar kowa ya ajiye wayarsa a tsakiya, duk saƙon da ya shigo a karanta a fili, duk kiran da ya shigo a sa a lasifika. Ɗaki ɗaya, teburi ɗaya, amma ƙasashe suka yi ta sake yin sa da harsunansu har ya shiga kundin Guinness a 2019. Daren da Professoressa ta dawo da shi, na lura da wani dattijo a gabana yana kashe wayarsa gaba ɗaya a lokacin hutu, matarsa na kallonsa ta gefen ido. Un mondo a parte na Riccardo Milani, na 2024, ya fi su laushi: malamin makaranta ya bar Roma ya koma wani ƙauye a tsaunukan Abruzzo, ya tarar za a rufe makarantar saboda yara sun yi kaɗan, sai malamai suka bazama neman 'ya'yan 'yan gudun hijirar Yukren da na 'yan Maroko don su cike aji. An yi dariya sosai, amma duk wanda ya leƙa makarantar firamaren garinmu ya san sunayen wa ke cike rajista.

Wanda ya fi tsaya min a rai a wannan ɓangaren ban ma san ko barkwanci zan kira shi ba. C'è ancora domani, wato akwai sauran gobe, shi ne fim na farko da Paola Cortellesi ta ba da umarni, bayan ta shekara da shekaru tana ba mutane dariya a talabijin da sinima. Baƙi da fari ne, a Roma ta 1946. Ya fito ƙarshen Oktoban 2023, ya sayar da tikiti sama da miliyan 5, ya doke Barbie a kasuwar Italiya ta shekarar. A zaurenmu sai da aka ƙara dare na biyu, aka jera kujerun roba a gefe. Fim ɗin yana buɗewa da Delia ta farka ta gaishe da mijinta, shi kuma ya amsa da mari, ta tashi ta kama aikin gida ba tare da fuskarta ta nuna wani abu ya faru ba. Zauren ya yi wata gajeriyar dariya ta ruɗewa, sannan ya yi tsit. Haka fim ɗin yake tafiya har ƙarshe, ka yi dariya ka ji kunyar dariyarka. Akwai inda mijin ya rufe ƙofa zai dake ta, Cortellesi ta mayar da dukan rawa, da kiɗa, jini ya fito a fuska ya ɓace. Wasu sun ce wannan wasa ne da abin da bai kamata a yi wasa da shi ba. Ni a ganina ya fi nuna dukan ƙarara ciwo, don ya nuna maka abu ne da suka saba, kowa ya san takunsa. Ba zan ɓata muku ƙarshen ba, ku dai riƙe ranar 2 ga Yuni 1946, ranar da Italiya ta zaɓi jamhuriya a kan sarauta kuma mata suka yi layin ƙuri'a. Da uwargida muka je. A mota ba ta ce komai a kan Delia ba, maganar 'yar Delia ta yi ta yi, da yadda uwar ta gane halin saurayin daga kalma ɗaya da ya faɗa a kan jan-baki.

Yanzu ga maganar da ta fi shafar mu baƙi, wato harshe. Duk wanda ya ce maka ka je sinima ka koyi Italiyanci, rabin gaskiya ya faɗa. Italiyancin da ake koyarwa a ajin dare na manya, a fina-finan Amurka da aka sauya wa murya za ka ji shi tsaf. Fina-finan Italiya na gaske kuwa da karin harshen gari ake yin su. Na Cortellesi da bakin Roma ne, suna haɗiye ƙarshen kalma. Gomorra na Matteo Garrone, na 2008, da bakin Napoli ne, har Italiyawan kansu sai da aka sa musu rubutu a ƙasan allo. A Il traditore na Marco Bellocchio, na 2019, abin ya zama wani ɓangare na labarin. Fim ɗin a kan Tommaso Buscetta ne, babban ɗan mafiyar Sisili da aka dawo da shi daga Brazil a 1984 ya buɗe baki ga alƙali Giovanni Falcone, abin da ya kai ga babbar shari'ar Palermo ta 1986 zuwa 1987 inda aka gurfanar da mutum 475. Akwai wurin da wani mai ba da shaida yake zuba zance da bakin Palermo, lauyoyi suka tashi suna ihu ba sa fahimta, alƙali na roƙonsa ya yi Italiyanci, 'yan mafiya na cikin keji suna zaginsa. Na ji daɗin wannan wuri fiye da kima, don ranar ba ni kaɗai ne baƙo a zauren ba. Pierfrancesco Favino ne ya fito a Buscetta, kuma idan ka ga sunansa a takardar shiri ka je kawai.

Ƙorafina a nan shi ne zauren ba ya sa rubutun ƙasan allo sai fim ɗin da ya zo da shi. Na roƙa a riƙa sa rubutun Italiyanci ko da sau ɗaya a wata, zai taimaki baƙi, zai kuma taimaki tsofaffin da kunnensu ya yi nauyi, waɗanda su ne rabin zauren. Aka ce za a duba. Ana nan ana dubawa.

Daren Vermiglio abin ya juya. Wannan fim ɗin Maura Delpero ne na 2024, ya ci babbar kyautar alƙalai a bikin fina-finai na Venis, sannan a 2025 ya ci David di Donatello, babbar kyautar fina-finai ta Italiya, na fim mafi kyau, ita kuma ta zama mace ta farko da ta karɓi na darakta tun da aka fara ba da kyautar. Vermiglio ƙauye ne na gaske a Trentino, kana haura mashigin Tonale daga lardinmu ka faɗa shi. Labarin gidan malamin makarantar ƙauye ne mai 'ya'ya da yawa a shekarar ƙarshe ta yaƙin duniya na biyu, da wani soja ɗan Sisili da ya gudo daga fagen daga aka ɓoye shi a rumbun ciyawa. Da karin harshen kwarin aka yi shi, da rubutu a ƙasa. Ni ina bin rubutu, tsofaffin gefena kuwa suna dariya tun kafin rubutun ya fito, wata ma tana maimaita kalmomin a hankali. Fim ne mai sanyin tafiya, a dafa madara, a raba ta a kofuna, yara uku a gado ɗaya suna raɗa da dare. Wurin da ya kama ni shi ne inda uban, wanda shi ne malamin, zai yanke wace cikin 'ya'yansa za ta ci gaba da karatu, tunda kuɗin ba zai ɗauki kowa ba. Ya zaɓa, ya faɗa a fili, wadda aka bari ta sunkuyar da kai. Ban taɓa tsammanin fim ɗin ƙanƙara da shanu zai riƙe ni awa biyu a kan waccan kujera ba.

Io capitano kuwa da rakiya na je. Akwai wani ɗan'uwa ɗan Nijar da muke aiki tare, ya girme ni, ya biyo hanyar Agadez da Libiya da teku kafin ya iso nan. Da ƙyar ya yarda. Fim ɗin Garrone ne na 2023, yara biyu 'yan Senegal, Seydou da Moussa, suka bar Dakar a ɓoye, suka bi Mali, suka shiga Agadez, suka keta Sahara, suka faɗa hannun masu azabtarwa a Libiya, daga ƙarshe aka damƙa wa Seydou, yaro ɗan shekara 16 da bai iya iyo ba, tuƙin jirgin ruwa cike da mutane. Fim ɗin Italiya ne amma da Wolof da Faransanci aka yi kusan dukkansa, don haka ranar Italiyawa ne ke karanta rubutu. Garrone ya ci kyautar darakta a Venis, Seydou Sarr ya ci ta sabon jarumi, fim ɗin ya shiga biyar ɗin ƙarshe na Oscar a 2024, ya kuma ci David na fim mafi kyau.

A Senegal da Maroko da Italiya aka ɗauke shi, kuma abokin tafiyata ya gano hakan tun kafin in gaya masa. Da aka nuno tashar mota ya matso ya ce, "Ƙanena, wannan ba Agadez ba ce." Daga nan bai ƙara magana ba. Da aka zo inda mota ƙirar a-kori-kura ke gudu a cikin rairayi, mutum ya faɗo, direba bai ko waiwaya ba, sai na ga ya kama hannun kujera ya riƙe. Akwai wurin da wata mata ta gaza a cikin hamada, Seydou ya koma gare ta, sai fim ɗin ya nuna tana shawagi a sama yana riƙe da hannunta. Italiyawa da yawa sun share hawaye a nan. Shi kuwa girgiza kai ya yi. A lokacin hutu ya ce min wanda ya gani da idonsa ba ya son a ƙawata masa. Ni ban bi hanyar ba, da biza na zo, don haka ban yi masa musu ba, ko da yake a ganina yaron ne ke mafarki don ya iya ci gaba da tafiya.

Hukuncinsa bayan an gama ya fi duk sharhin da na ji. Ya ce fim ɗin ya yi gaskiya a kan Libiya, amma ya tsaya daidai inda wata wahalar ke farawa. Yaron na ihu shi ne kyaftin, ga gaɓar Sisili, sai allo ya yi baƙi. A zahiri wanda ya riƙe sitiyarin jirgi shi 'yan sanda ke fara nema a tashar ruwa, a tuhume shi da safarar mutane, ko da shi ma fasinja ne da aka tilasta. Bayan wannan ga sansani, ga jiran takardu na shekaru. Ya kuma tuna min cewa fim ɗin na cikin zagaye sinimomi ne, a Nuwamban 2023, sojojin da ke mulki a Yamai suka soke dokar 2015 da ta haramta jigilar baƙin haure ta Agadez.

Hirar bayan fim ta wannan dare ita ce abin da ban ji daɗinsa ba a duk zamana da wurin. Fitilu na kamawa, kawuna suka juyo gare mu, mu biyu ne baƙaƙe a zauren. Wani mai taimaka wa Professoressa ya taho da makirufo har inda muke, yana murmushi, wai mu ba da shaida. Niyyarsa mai kyau ce, na sani. Amma mutum ya biya Yuro 6 ya zo kallo, ba a tambaye shi a keɓe ba, sai kawai a miƙa masa makirufo ya kwance ciwonsa gaban mutum ɗari da wani abu. Abokina ya ce, "Grazie," wato na gode, ya miƙe ya fita. Mako na gaba dattijuwar ta tare ni a ƙofa ta ce in ba shi haƙuri. Na isar. Bai sake zuwa ba.

Akwai abin da ya sa duk da haka nake girmama wurin. A waccan kakar dai suka nuna Rapito, shi ma na Bellocchio, wanda ya yi yana da shekara 83. Labari ne na gaskiya: a 1858 a Bologna, jami'an Fafaroma suka ɗauke Edgardo Mortara, yaro Bayahude ɗan shekara 6, daga hannun iyayensa, saboda wata 'yar aiki ta ce ta yi masa baftisma a ɓoye yana jariri. Fafaroma Pius na 9 ya ƙi mayar da shi duk da surutun duniya, yaron ya girma ya zama fada. Fim ɗin bai raga wa coci ba ko kaɗan. An nuna shi a ginin coci, fada na zaune a baya, kuma da aka zo hira shi ne ya fara cewa abin da aka yi wa iyayen zalunci ne. Ba kowa ke iya shimfiɗa wa mai sukarsa tabarma a tsakar gidansa ba.

Ba duka ne suka yi min ba. La grande bellezza na Paolo Sorrentino ya ci Oscar a 2014, hotunan Roma a ciki ba a magana, amma awa biyu da 'yan kai na masu kuɗi suna rawa a saman bene suna kukan rayuwa ba ta da ma'ana, ga wanda zai tashi ƙarfe 5 ya kama aiki, barci ne ya yi nasara. La chimera na Alice Rohrwacher, a kan ɓarayin da ke haƙa kaburburan mutanen da suka riga Rumawa suna sayar da kayan ciki, ya fi shi daɗi, sai dai shi ma yana son mai haƙuri. Wanda ya ba ni mamaki ta ɗaya ɓangaren shi ne Lo chiamavano Jeeg Robot na Gabriele Mainetti: ɗan ƙaramin ɓarawo a unguwar Tor Bella Monaca ta Roma ya faɗa kogin Tiber yana gudun 'yan sanda, ya taɓa gangar guba, ya fito da ƙarfin da ya wuce na mutum, kuma abu na farko da ya yi da ƙarfin shi ne ya tumɓuke na'urar cirar kuɗi daga bango ya tafi da ita gida. Luca Marinelli a matsayin mugu ya cinye fim ɗin. Kada ku kai yara don kun ji an ce jarumi mai ƙarfi ne, akwai jini da batsa.

Abin da babu shi sam a jerin shi ne fim ɗin ban tsoro, alhali ƙasar Dario Argento ce, mutumin da duniya ta koyi wannan fanni a wurinsa tun shekarun 1970. Professoressa ta ce masu katinta da yawa suna shan maganin hawan jini. Fina-finan gaskiya ma, wato waɗanda ake ɗaukar mutane a rayuwarsu ta zahiri ba 'yan wasa ba, irin Fuocoammare na Gianfranco Rosi a kan tsibirin Lampedusa da ya ci babbar kyautar Berlin a 2016, sau ɗaya suke leƙowa a kaka, idan sun leƙo.

Wanda ba ya son fita da dare yana da RaiPlay, manhajar gidan talabijin na ƙasa, kyauta ce a cikin Italiya, kuma dama kana biyan harajin talabijin a cikin takardar kuɗin wuta. Shirye-shirye da yawa a can suna da rubutun Italiyanci, ka tsayar ka koma baya yadda kake so, don haka ga mai koyon harshe ta fi zaurenmu. Da bazara kuma, a 2023 ma'aikatar al'adu ta fara tallafa wa tsarin da ake kallon fina-finan Italiya da na Turai a kan Yuro 3.50 a sinimomin da suka shiga. Zaurenmu a lokacin rufe yake, sai 'yan darare da suke kafa allo a filin ƙwallo, inda sauro ke karɓar nasa kason.

Katin ya dace da wanda Italiyancinsa ya kai ya yi gardama da shugaban aiki, ko ya bi labaran dare ba tare da ya ɓace ba. Wanda bai kai nan ba ya fara da tikiti ɗaya, ya zaɓi fim ɗin da takarda ta ce yana da rubutu. A farkon Oktoba ake sayar da katin, a zo da tsabar kuɗi. Layi na shida ko na bakwai a bakin hanya ne inda za ka iya miƙe ƙafa. Akwai akwatin shawara a bakin ƙofa, kuma Professoressa tana karantawa. Ni na jefa sunan Bangla na Phaim Bhuiyan, barkwancin 2019 a kan saurayi Musulmi ɗan asalin Bangladesh da aka haifa a Italiya, yana zaune a unguwar Torpignattara ta Roma, ya faɗa son wata Ba'italiya yana ta fama da kansa. Ta ce ta san shi, ya ci David na sabon darakta, za ta sa shi bayan Kirsimeti in har na yi alkawarin kawo matasanmu su cike layi biyu.